Wa ya kai wa wata termometir? Yadda ake auna zafin ƙasar wata daga nesa

Cikin bazarar da ta wuce ne, irin daren nan na watan Afrilu da ɗaki ba ya shiguwa a Damagaram, kuran ya ɗauke, kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida, ga farin wata tar kamar ka tsinci allura. Ɗan yayata da ke zaune wurinmu yana karatu a lise ya juyo ya ce min, "Kawu, wai da gaske ne a kan wata zafi ya fi digiri 100? Mushenmu ya faɗa a kilas amma ni ban yarda ba, ga mu nan kwance ƙarƙashinsa sai ma sanyi-sanyi muke ji, kuma wa ya je can da termometir ya gwada?"

Wallahi tambayar ta yi min daɗi, don yaron da ya ce ban yarda ba sai an nuna min shi ne ya kama hanya. Na ba shi amsa a daren iya abin da ya zo min, amma tun lokacin nake son in zauna in warware zancen a tsanake, saboda da yawanmu mun haddace lambobin nan a lakwal kuma ba a taɓa gaya mana ta inda aka bi aka samo su ba.

Lambar dai gaskiya ce. A tsakiyar fuskar wata, idan rana ta take, ƙasar wurin tana kai digiri 120 ko kusa da haka, ta wuce zafin tafasasshen ruwa kenan, kafin asubar can kuma ta sauka har wajen digiri 175 ƙasa da sifiri. Kuma an san kusan haka shekaru da dama kafin ɗan Adam ya taka wata a 1969, daga nan ƙasa aka auna, da tazarar kilomita dubu 384 tsakani. Na'urar da aka yi aikin da ita kuwa duk mun san ƙanwarta, ita ce ƴar bindigar nan ta auna zafi, termoflash, da aka dinga saita mana a goshi lokacin korona a ƙofar banki da gidan likita. Ba ta taɓa fatarka amma ta faɗi zafin jikinka. To me take gani?

Huci take gani. Ku tuna ƙarfe a maƙera, idan maƙeri ya zuga wuta ƙarfen ya yi ja, ya ƙara zugawa ya koma ruwan lemu har ya nemi yin fari, idan kuma ya ciro shi ya ajiye gefe jan ya dushe ya koma baƙi ƙirin kamar ba abin da ya same shi, amma kai hannunka kusa ka ji yadda yake huci. Hucin nan da ke isowa hannunka tun ba ka taɓa ƙarfen ba, shi ma haske ne, idonmu ne kawai bai iya ganinsa. Kuma duk abin da ke da ɗan ɗumi yana fitar da shi, jikinka, bangon siminti, gudron, akuya, har ƙanƙarar firigo tana fitar da nata ɗan kaɗan. Wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, shi ya fara kama shi a 1800. Ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku ya rabu launi-launi kamar bakan gizo, ya dinga sa termometir a kowane launi, sai ya matsa da shi gaba da ja, wurin da ido ba ya ganin komai, ya tarar nan ne ma zafin ya fi hawa. Shi ne hasken bayan ja, a lakwal muka san shi da infararuj.

Duk wanda ya tashi yana murɗa rediyo gajeren zango, mita 25, mita 31, ya riga ya san rabin zancen. Mitocin nan tsawon zangon igiyar rediyo ne. Haske ma igiya ne irin wannan, zangonsa ne dai ƙanƙane ƙwarai, ana auna shi da mikron, wato ka raba milimita ɗaya gida 1000. Hasken da ido ke gani yana tsakanin mikron 0.4 da 0.7. Abu mai zafi sosai kamar rana, wadda fuskarta ke da digiri wajen 5,500, haskenta a gajeren zangon nan ya fi ƙarfi. Jikin mutum kuwa hucinsa ya fi ƙarfi wajen mikron 9 zuwa 10. Ƙasar wata da rana tsaka wajen mikron 7 zuwa 8, da dare kuma da ta yi sanyi sai hucin ya koma can wajen mikron 30. Kenan inda hucin ya fi ƙarfi yana tona asirin zafin abin. Ga kuma doka ta biyu wadda Josef Stefan ya gano a 1879, Ludwig Boltzmann ya tabbatar da ita da lissafi a 1884: idan aka ƙirga zafi daga sanyin ƙarshe, digiri 273 ƙasa da sifiri, wanda babu sanyin da ya wuce shi, to abu in zafinsa ya ninka biyu hucinsa ninki 16 yake yi. Shi ya sa ɗan bambancin zafi ke bayyana sarai a na'ura, kuma shi ya sa auna ɓangaren wata da ke cikin dare ya fi wuya nesa ba kusa ba, hucinsa bai kai kashi ɗaya cikin 200 na ɓangaren rana ba.

Sai maganar farin wata mai sanyi da yaron ya kawo. Haske iri biyu ne ke taso mana daga wata a cakuɗe. Na farko hasken rana ne da ya daki wata ya dawo, shi muke gani, kuma kaɗan ne ƙwarai, don ƙasar wata baƙa-baƙa ce kamar tsohon gudron, kashi 12 cikin 100 kawai take mayarwa, duhun sama ne ke sa mu ga ta yi fari. Sauran kashi 88 ɗin ta shanye, ta yi zafi, sannan ta fitar da shi a matsayin huci, shi ne haske na biyu, kuma shi masu awo ke nema. Kafin su biyun su iso nan sun bazu sun yi rauni, cikakken wata rana ta fi shi haske sau wajen dubu 400, ina fatar mutum za ta ji wannan. Sanyin da muke ji a daren farin wata kuwa na sararin sama ne da ya washe babu gajimare, ɗumin ƙasarmu na samun hanyar ficewa.

Raba haske biyun nan dabararsa mai sauƙi ce har ta ba ni sha'awa. Gilashi yana barin hasken ido ya wuce amma yana tare huci mai dogon zango. Sai a auna sau ɗaya babu gilashi, a sake aunawa da gilashi a gaban na'ura, a debe na biyu daga na farko, abin da ya rage shi ne hucin wata na kansa.

Sai dai kafin a kai nan an sha wuya. Mutane sun daɗe suna tara hasken wata da manyan madubai kan termometir, shiru ba ya motsi. Sai a 1846 wani Ba'italiye, Macedonio Melloni, ya yi gwaji a yankin Napoli da gilashin tara haske mai faɗin kusan mita ɗaya da wata na'ura da ake kira termopil, ya ga allura ta ɗan motsa. Yadda termopil ke aiki: ka haɗa bakin ƙarafa biyu mabambanta, in mahaɗar ta ɗan yi ɗumi fiye da ɗaya ƙarshen sai ɗan kuran ya gudana, ka jera irin mahaɗan nan da yawa kuran ɗin ya ƙaru har allura ta nuna. Abin da ke cikin termoflash ɗin goshi ma jikan wannan ne. A 1856 Piazzi Smyth ya hau tsaunin tsibirin Tenerif ya sake gwadawa, daga 1869 kuma Lord Rosse na huɗu a Ailan ya dinga awo da madubin hangen nesa mai faɗin kusan santimita 90, shi ne ya nuna cewa wata da rana tsaka zafinsa na gaske ne. Sai Samuel Langley a Amurka ya ƙera bolomita wajen 1880, wani siririn zaren farin ƙarfe ne da aka baƙanta da hayaƙi, in huci ya sauka kansa yadda kuran ke ratsa shi sai ya canza, kuma tana da ji ƙwarai har ana ba da labarin tana jin ɗumin saniya daga mita 400. Amma da na'urar nan mai kyau Langley ya yi kuskure, ya ce ƙasar wata ko da rana ba ta wuce sanyin ƙanƙara da yawa ba. Abokin aikinsa Frank Very ne daga baya ya gyara lissafin ya kai shi wajen digiri 100.

Me ya ruɗi Langley? Iskar duniyarmu ce babbar matsalar. Tururin ruwa da iskar karbon da ke sama suna shanye huci, kamar kana leƙen fitila ta cikin ƙurar hunturu, in ba ka san yawan abin da ƙurar ta cinye ba za ka ce fitilar ce ba ta da ƙarfi. Akwai dai wata taga tsakanin mikron 8 da 14 inda iska ke barin huci ya wuce, kuma mu nan mun san tagar nan a jikinmu ko ba mu san sunanta ba. Daren Janairu da iska ta bushe ƙamas, sama ta washe, ɗumin ƙasa ya fice ta tagar, kafin asuba kowa na neman bargo da wutar kara. Daren damina kuwa da hadari ya rufe sama, gajimare ya toshe tagar, sai gumi ya hana barci. Shi ya sa ake kai madubin hangen infararuj kan tsaunuka masu busasshiyar iska, kamar na Mauna Keya a Hawai mai tsayin sama da mita 4,000, har ma an taɓa ɗora wani cikin jirgin Boeing 747, SOFIA sunansa, yana tashi sama da mafi yawan tururin, shi ne a 2020 aka sanar ya hango alamar ruwa a ramin Clavius na wata, ɓangaren da rana ke haskawa.

Bari in ɗan ratse a nan don abin ya shafe mu. Awon da Langley ya yi na hucin wata, yana tsaka da sama da kuma yana kusa da faɗuwa inda hasken ke ratsa iska mai kauri, shi wani masani ɗan Suwidin, Svante Arrhenius, ya ɗauka a 1896 ya lissafa yawan hucin da iskar karbon ke tarewa, ya ce in ta ninka biyu duniya za ta ƙara ɗumi da digiri 5 zuwa 6. Wato lissafin farko na ɗumamar yanayi da muke kuka da ita yau a Sahel, daga awon zafin wata ya fito. Duk sanda na tuna wannan sai in ji haushin masu cewa binciken sama ɓata kuɗi ne.

Matsala ta biyu ta fi ban mamaki: madubin kansa yana huci, bututunsa yana huci, iskar da ke gabansa tana huci, har mai awon da ke tsaye gefe. Kamar ka ce za ka nemi hasken ashana da rana tsaka. Dabarar ita ce irin ta mai awo a kasuwar Dole, ka fara ɗora kwano babu komai a sikeli ka san nauyinsa, sannan ka zuba kaya ka debe na kwanon. Na'ura tana kallon wata, ta kalli sararin da ke gefensa inda ba komai, ta dawo, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, bambancin ne kawai ake ɗauka. Wasu na'urorin kuma a tsoma su cikin ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri don kar hucin jikinsu ya dame su.

A 1930 Edison Pettit da Seth Nicholson suka fitar da sakamakon awon da suka yi da madubi mai faɗin mita 2.5 a tsaunin Wilson na Kalifoniya, mafi girma a duniya a lokacin. Sun samu digiri 134 a tsakiyar cikakken wata, ɓangaren dare kuma wajen 153 ƙasa da sifiri. Ba su yi nisa da abin da aka tabbatar daga baya ba.

Kafin in wuce, kar a haɗa lambar nan da ta meteyo. In rediyo ya ce yau Zinder digiri 43, zafin iska ake nufi, a inuwa, sama da ƙasa da kusan mita biyu. Rairayin da ke ƙona tafin ƙafarka in ka fito alwalar azahar ba takalmi ya fi haka nesa. A wata babu iskar da za a auna, zafin turɓayar kanta ake faɗa, kuma dalili biyu ne ke kai shi can: babu iskar da za ta rage ƙarfin rana ko ta kwashe zafin, kowace murabba'in mita tana shan wat wajen 1,360, sannan yinin can ya kai kusan kwana 15 namu, darensa ma haka.

Yanzu ga inda zancen ya fi min daɗi, don a ganina lambar zafin ba ita ce babbar riba ba, saurin hucewar ne. Duk ɗan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya san wannan. Da la'asar rairayi da manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye duk zafi gare su, ba mai iya zama a kai. Bayan magariba ka taka rairayi ka ji ya huce, kafin isha'i har ya yi sanyi mai daɗi, amma ɗora hannu kan dutsen, ko ka jingina da bangon siminti, yana nan da ɗuminsa har tsakar dare. Dutse dunƙule yake, zafi na ratsa shi zuwa ciki tsawon yini, da dare ya dinga maido shi a hankali. Rairayi kuwa ƙwayoyi ne da ɗan gefe kawai suke taɓa juna, zafin bai iya nutsawa, sama-sama ya tsaya, shi ya sa ko da rana tsaka in ka tona kamu ɗaya za ka tarar da sanyi, kaji ma sun sani, su tona su kwanta. Iyayenmu mata da ke rufe garwashi da toka su tarar da shi da rai da safe, da wannan ilimin suke aiki.

To sai masana suka ce, in mun ga yadda wata ke hucewa za mu san ko fuskarsa dutse ce ko gari. Amma daren wata a hankali yake shigowa, kwanaki yake ɗauka. Sai husufi ya zama dama, lokacin da duniya ta shiga tsakanin rana da wata ta yanke mishi haske cikin ɗan lokaci, kamar an hure fitila. Daren da yara ke kaɗa gwangwani suna cewa wata ya yi zazzaɓi, manya na masallaci suna sallar husufi, irin na 27 ga Yulin 2018 da duhunsa ya kai awa ɗaya da minti 43, a irin daren nan masu madubi ba sa barci. Pettit da Nicholson sun bi husufin 1927, Pettit ya sake bin na 1939, suka ga wurin da suke kallo ya faɗi da fiye da digiri 150, kuma mafi yawan faɗuwar cikin awar farko. Babu dutsen da ke hucewa haka. Ko rairayinmu ba ya yi, don akwai iska tsakanin ƙwayoyinsa da ke ɗan kai zafi ƙasa. A 1948 wani ɗan Holan, Wesselink, ya zauna ya yi lissafin ya ce abin da zai yi haka sai gari mai laushi kamar toka a wurin da babu iska ko kaɗan. Shekara 21 bayan nan aka ga hoton sawun takalmi a turɓayar wata, ya fito raɗau kamar an taka toka. Daga hucewa kawai mutumin ya gane irin ƙasar da ba wanda ya taɓa riƙe ta a hannu.

Kuma Afirka na da nata rabo a labarin. Daren 19 ga Disamban 1964 an yi husufi, wasu Amurkawa biyu, Shorthill da Saari, suka je Masar suka yi aiki da madubin Kottamiya mai faɗin mita 1.88 da ke hamada kusa da Alƙahira, suka share fuskar wata layi-layi da na'urar huci yana cikin duhu. Hoton da ya fito wata ne baƙi mai ɗigo-ɗigon haske ɗaruruwa, wuraren da suka ƙi hucewa da wuri, wanda ya fi fitowa shi ne ramin Tycho da ke kudu, wanda ake ganin farin zane na fita daga gare shi in wata ya cika. Ramuka ne da duwatsun sama suka faɗo suka haƙa ba da daɗewa ba a lissafin wata, suka watso manyan duwatsu waje, ƙura ba ta gama binne su ba. Duwatsun Birni kenan a tsakiyar rairayi. Tsofaffin ramuka kuwa ƙananan tsakuwoyin sama sun shekara miliyoyi suna niƙa duwatsunsu har sun zama gari, sai su huce tare da sauran fili. Kenan daga ɗumin dare ana iya kintata shekarun rami.

Daga ƙasa fuska ɗaya kawai ta wata muke gani, ƙuryoyinsa na kudu da arewa kuma a karkace suke. Sai a 18 ga Yunin 2009 hukumar binciken sararin sama ta Amurka, NASA, ta harba kumbon LRO, a jikinsa akwai na'ura mai suna Diviner, ƙarƙashin jagorancin David Paige na jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles. Ƙaramin madubin hangen nesa ne da termopil a bayansa, dabarar Melloni dai, amma daga tsayin kilomita wajen 50 kuma babu iska tsakani. Tana da idanu tara, biyu na hasken rana da ya dawo, uku kusa da mikron 8 waɗanda ke nuna irin ma'adinin dutsen, huɗu na huci har zuwa mikron 400 don su kama wurare masu tsananin sanyi. Lokaci-lokaci takan juya ta kalli baƙin sarari, ta kalli wani faranti a jikinta da aka san zafinsa, ta daidaita kanta, kwanon mai awo dai har yanzu. Amfanin idanu da yawa shi ne, in fili ɗaya ya haɗa dutse mai ɗumi da ƙura mai sanyi, idon gajeren zango zai faɗi lamba sama da ta idon dogon zango, daga saɓanin nan ake lissafa yawan duwatsun wurin, kuma mai neman inda zai sauke kumbo lafiya wannan taswirar yake buƙata.

Diviner ce ta auna wurare mafi sanyi. Duniyarmu a karkace take da digiri 23 da rabi, shi ke kawo mana sauyin bazara da hunturu, wata kuwa karkatarsa digiri 1.5 ce kawai, don haka a ƙuryoyinsa rana ba ta taɓa hawa sama, kullum tana zagaye a gindin sama kamar gab da magariba. Rami mai zurfi a wurin ƙasansa bai taɓa ganin rana ba. A ramin Hermite kusa da ƙuryar arewa an auna digiri 247 ƙasa da sifiri, ya fi fuskar Pluto, ƴar duniyar nan mai nisa ƙwarai da rana, sanyi. Wurin da kullum sanyinsa ke kai digiri 163 ƙasa da sifiri ko fiye kuwa, ƙanƙarar ruwa na iya zama cikinsa shekaru biliyoyi ba ta ƙafe ba. A 9 ga Oktoban 2009 aka doka gangar roka da gangan cikin ramin Cabeus na kudu, wani kumbo mai suna LCROSS ya bi bayanta ya auna ƙurar da ta tashi, aka samu ruwa kusan kashi 5 cikin 100. Mu da muka san jiran ruwan pampo da layin bidon a garin nan ba sai an gaya mana dalilin da ya sa manyan ƙasashe ke rububin ƙuryar kudun wata ba.

An kuma je an gwada da hannu, kuma awon nesa bai ji kunya ba. Ƴan sama-jannatin Amurka da suka sauka a wata da kumbon Apollo 15 a 1971 da Apollo 17 a 1972 sun huda ƙasa sun zura ma'aunai, suka tarar ƙasa da mita ɗaya zafin kusan ba ya motsi dare da rana, yana wajen digiri 20 ƙasa da sifiri. Kumbon Indiya, Chandrayaan-3, da ya sauka kusa da ƙuryar kudu a 23 ga Agustan 2023, ya soka ɗan tsinke mai ma'aunai 10, sama ta wuce digiri 50, zurfin santimita 8 kacal kuma ya sauka wajen 10 ƙasa da sifiri. Bai kai tsawon ɗan yatsa da rabi ba fa. Shi kansa kumbon da dare ya rufe shi bai sake farkawa ba, sanyin ya fi ƙarfin kayan jikinsa. A 2022 kuma daga bayanan Diviner aka nuna wani rami kamar rijiya mai zurfin mita wajen 100, inda inuwar cikinsa ke zama kusan digiri 17 dare da rana, kamar safiyar hunturu a nan.

Bayan kwana biyu da hirarmu na aro termoflash wurin wani maƙwabcinmu, irin mai maɓallin da ke juyawa daga awon jiki zuwa awon kaya, don na jiki zalla ba ya karanta abin da ya fita daga zafin mutum. Yaron ya karɓa, abu na farko da ya yi ya saita ta sama wajen wata ya danna, ta rubuta Lo, wato sanyin ya wuce iyakarta. Ya dube ni. Na ce mishi ya miƙe hannu ya rufe watan da farcen ƙaramin yatsa, ya rufe shi ruf, na ce to ka gani, idon na'urar nan faɗi gare shi, sararin sama mai sanyi ta kwaso gaba ɗaya, watan ɗigo ne a ciki, aikin babban madubi kenan, ya tattaro hucin wuri ɗaya ya zuba shi kan ɗan idon. Muka gwada ta kan butar shayi mai ƙyalli tana tafasa, ta faɗi lambar da ba ta kai ba, muka gwada kan baƙar tukunya ta fi faɗin gaskiya, don abu mai sheƙi yana ɓoye hucinsa, sa'ar masu awo ce ƙasar wata ba ta sheƙi.

Bayan isha'i muka taka zuwa wajen duwatsu. Ya auna rairayi, ya auna dutse, ya sake komawa rairayi, sannan ya ajiye na'urar ya cire takalmi, ƙafa cikin rairayi mai sanyi, tafin hannu kan dutse mai ɗumi, ya daɗe a haka yana kallon sama. Can ya ce, "Kawu, in an yi husufi na gaba dan Allah ka tashe ni, ina son in ga inda Tycho ɗin yake."